Uwar Kuɗin Gidan Kurna

Da sunan Allah nake farawa. Mariama 'yar Maraɗi ce take rubuta mini wannan, maƙwabciyarmu da ƙofarta ke kallon tamu a benen nan na unguwar Xiaobei, nan ƙasar Sin. Ni ban san baƙi ba, ka sani, ko a Islamiyya da ka nake ɗauka. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kar ta gyara mini baki, kar kuma ta zuba mini Faransancinsu a ciki. Ta ce to. In ka ga kuskure nata ne, in ka ji ɗaci nawa ne.

Yayan Zulai, ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Allah ya tsare ka a sama, ya tsare ka a ƙasa, ya sauke ka Kano da ƙafarka. Allah ya raba ka da sharrin hanya da sharrin wanda ke jiran ka a ƙarshen hanya.

Za ka yi mamaki, muna gida ɗaya, bango ne kawai tsakanin ɗakina da naka, amma sai takarda. To, kai ɗan fari ne. Tun da na haife ka ban taɓa zama na dube ka na yi doguwar magana ba, ko sunanka ban taɓa kamawa ba. Haka muka taso muka tarar. Yau da safe ka shigo ka durƙusa ka ce, "Hajiya, gobe ne tafiyar." Na ce, "Allah ya kai mu." Ka ɗan jira ko zan ƙara wani abu, ni kuwa na tsura wa fanka ido har ka tashi. Maganar tana nan cike da bakina, ta ƙi fita. Shi ya sa na aika aka kira Mariama. Za ta sa maka takardar a aljihun jaka, kar ka buɗe sai jirgi ya tashi.

Ba don faɗuwar da na yi a kasuwar Shahe ba, da likita ya ce jinina bai yarda da jirgi ba tukuna, da ni zan je in zauna gaban mutanen bankin nan. Ni na ɗaura, ni ya kamata in kwance. To ƙafa ɗaya ta ƙi, hannu ɗaya ya ƙi. Kai za ka tsaya a madadina a kan gidanmu na Kurna, inda ƙanwarka Zulai take zaune da marayunta. Wa'adin bankin ya kusa cika. Sun ce a zo a faɗa musu yadda za a biya uwar kuɗinsu, in ba haka ba su yi gwanjon gidan. Wannan ka sani, don da na faɗi wayata ta koma hannunka, ka ga abin da ka gani. Ba ka tambaye ni ba, ni ma ban ce komai ba. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda aka yi muka iso nan. Bari in faɗa, don kar ka taka inda na taka.

Lokacin da mahaifinka ya rasu, Allah ya jiƙansa, gidan ba nasa ne shi kaɗai ba, gadonsu ne shi da 'yan'uwansa. Ina fita takaba suka ce a sayar a raba. Ni kuwa a gidan aka kai ni amarya, a ɗakin kudu na haife ku, ta zauren nan aka fita da shi. Na ce ba za a sayar wa bare ba, ni zan sayi rabon kowa. A lokacin na fara zuwa ƙasar nan ina saro kayan yara, ina da ɗan jari, amma jarin bai kai kuɗin gida ba. Wata abokiyar tafiyata ta kai ni banki, aka ce za a ba ni, a riƙe takardun gidan.

Wani yaro ne a wurin, Bashir, mai ladabi, har rusunawa ya yi ya gaishe ni. Ya ce iri biyu ne. Akwai wanda za ki dinga biyan mai yawa duk wata, akwai wanda za ki dinga biyan kaɗan. Ya ci gaba da bayani, rabi Hausa rabi Turanci, ni kuwa kunnena ya tsaya a kan kaɗan ɗin. Wa za a nuna wa kaya mai nauyi da marar nauyi ya ce a ɗora masa mai nauyin? Ya ce, "Hajiya, kin gane ko?" Na ce, "Na gane." Ya sake cewa, "Kin gane uwar kuɗin tana nan sai ƙarshe, gaba ɗaya za ki kawo ta?" Na ce, "Kai yaro, tun ba a haife ka ba nake juya kuɗi." Ya yi dariya, ya miƙo tawada, na dangwala babban yatsa.

Wallahi ban gane ba. Ni adashi na sani. A adashi in ka yi kwasar farko, duk zubin da ka yi rage kaya kake yi, ranar da zagaye ya ƙare kun rabu da uwar adashi lafiya. Haka na ɗauka. Shekara da shekaru ina aikawa duk wata, ko ina Kano ko ina nan, ban taɓa tsallakewa ba. Ina ta lissafi a zuciyata: yanzu na biya zaure, yanzu na biya ɗakin kudu, saura madafa da rijiya. Ashe ko tubali ɗaya ban biya ba. Ruwa kawai nake biya. Hayar kuɗinsu nake biya, kamar yadda kake biyan hayar benen nan, ka tsufa kana biya ko ƙusa ba za ta zama taka ba. Uwar kuɗin tana nan kwance yadda aka ba ni ita.

To ka ji. In ka zauna gabansu kar ka ji kunyar cewa ba ka gane ba. Na san ka yi boko, kana jin Turanci, har yaren mutanen nan kana karyawa. Wannan ne ma abin tsoron, don mai boko ya fi jahili jin nauyin tambaya. Ka ce su faɗa da Hausa. Ka ce su ware maka: wannan uwa ce, wannan ruwa ne, wannan tara ce, kowanne daban. In sun faɗa, ka maimaita musu da bakinka, su ce haka ne ko ba haka ba. Kuma kar ka sa hannu a takarda ranar da aka miƙo maka ita. Ka tafi da ita gida ta kwana, ka nuna wa lauyan da ba a wurinsu yake cin abinci ba.

Abin da ya biyo baya ya fi ciwo, don a nan ne Allah ya buɗe mini ƙofa na rufe da hannuna. Tun da sauran shekaru kafin wa'adin, Bashir ya kira ni. Ina Shahe ranar, tsakiyar dilolin kaya, ina ciniki da yatsu da kalkuleta. Bayan gaisuwa ya ce, "Hajiya, ofis ne suka ce in tambaye ki, wane tanadi kike yi na biyan uwar kuɗin in lokaci ya yi?"

Nan take maganar da ya yi mini ranar dangwala yatsa ta faɗo mini. Na zauna a kan dila. Amma ka san abin da ya fito daga bakina? Faɗa. Na ce, "Bashir, na taɓa cinye muku wata?" Ya ce a'a. Na ce, "To me ya kawo tambaya? A garinmu mai bin bashi ba ya tsayawa ƙofar wanda yake biya. Ko an ce maka na karye ne?" Ya ce, "Hajiya, ba tuhuma ba ce. In kin dawo ki zo mu zauna, akwai hanyoyi. Ana iya juya shi ki dinga biyan uwa da ruwa tare. Ana iya neman ƙarin lokaci. Kina iya rage uwar kaɗan-kaɗan duk sanda kasuwa ta yi kyau." Na ce, "Allah na nan." Ya ce, "Yana nan, Hajiya, amma me zan rubuta musu?" Na ce, "Rubuta in sha Allahu." Na kashe waya.

A lokacin kuwa ina da hali. Kaya ba sa kwana a kasuwar Kwari, tun ba a sauke ba an saye. Da na ɗora ko yaya ne a kan abin da nake aikawa, da yau ba wannan takardar ake rubutawa ba. Amma zuciya ta ce an raina ni.

Sai na yi abin da na ga iyayena suna yi. A ƙauyenmu in ka jinginar da gona, ba takarda, ba wa'adi. Mai kuɗi yana noma gonar, kai kuma kana kai masa gaisuwa, goro da salla, 'yan zabi in kaka ta yi. Muddin kana gaisuwa ba zai buɗe baki ya ce ina kuɗina ba, sai ranar da ka samu. Har jika yakan zo ya fanshi gonar kakansa. Na ce to, yaron nan gaisuwa yake nema, ni ce na yi sake. Na sayi shadda mai kyau da agogo da waya, na ba ka na ce ka sa a kago, cikin kayan da ake aikawa Kano, na wani ɗan'uwa ne. Kai ka naɗe su da hannunka. Zulai ta kai wa Bashir, ya mayar mata da kayan har gida, ko ledar bai kwance ba. Ya ce ta gaya mini aikinsa zai rasa, kuma ko ya karɓa ba abin da zai iya, ba shi ke bi na ba. Na yi fushi, na ce yaron ba shi da tarbiyya, wa yake mayar wa babba da kyauta? Yau in na tuna, a duk maganar nan shi kaɗai ya so ni da gaskiya. Daga baya aka ɗauke shi zuwa wani gari. Wadda ta gaje shi ba ta san fuskata ba, ba ta san mahaifinka ba.

Banki ba mutum ba ne. Ba ya cin goro, ba ya zuwa ta'aziyya, ba ya jin nauyin furfura. Amma kuma ba ya zagi, wannan ne ban sani ba. In ya ce yaya za ka biya, amsa yake so, ba wani abu ba. Ka ba shi amsa ko ba ta da daɗi.

Ka san loban ɗin nan tawa, mai shago a Shahe, gajeriyar nan mai tabarau da nake sayen rigunan yara a wurinta. In na tambayi abin da ba ta da shi, sai ta kaɗa hannu ta ce "meyo", babu, ta ci gaba da cin shinkafarta da tsinke. Da farko na ce wannan wace irin marar kunya ce, ko dawo gobe ba za ta ce ba? Mu a Kwari ai sai a ce yanzu yaro zai kawo daga sito, a ba ka benci, a zaunar da kai har la'asar. Amma duk shekarun nan ban taɓa asarar yini a shagonta ba. Babunta ta fi in sha Allahuna amfani. Mariama, kar ki rubuta kamar na raina in sha Allahu, astagfirullah. Yadda na mayar da ita mayafi na lulluɓa, shi na raina.

Kar ka ce ban yi tanadi ba sam. Na yi, irin namu na 'yan kasuwa. Na ce kwantena ɗaya za ta biya. Kowace shekara sai in ce ta bana ce. Shekarar da na zuba duk abin da na mallaka a kayan sallar yara, jirgin ruwa ya makara, kaya suka iso an riga an sauko daga idi. Wa zai sayi rigar salla bayan salla? Aka karyar da su. Kafin in miƙe cutar nan ta zo aka rufe ko'ina, ka tuna zaman da muka yi a ɗakin nan kamar kaji a akurki. Da aka buɗe, canji ya hau inda ba a kamo shi, masu saye suka ja baya. Kwantenar da ba ta iso ba, ba tanadi ba ce, fata ne. In suka ce da me ka dogara, kar ka ambaci kayan da ke kan ruwa, kar ka ambaci bashin da kake bin mutane. Abin da ke hannunka kawai za ka faɗa. Alkawarin da ka yi ka saɓa, shi za su ɗauka su doke ka da shi.

Sabuwar ma'aikaciyar ta dinga kira. In na ga lambar sai in kifa wayar. Daga baya ma na sa aka cire mini layin Najeriya na jefa a gwangwanin allura, ya daɗe a ciki. Takardu suka dinga zuwa Kurna, na ce wa Zulai kar ta buɗe, ta ajiye. Wata rana ta ce, "Hajiya, wannan fa da jan rubutu ta zo." Na ce, "Ke aka aiko wa?" Ta ajiye ta cikin sauran. Yarinyar nan tana kwana a gidan, tana shara tana shafe, ba ta san ƙasa na zaizayewa a ƙarƙashinta ba.

Za ka ce me ya sa. Kuɗin ruwa. Ni da ake kira Hajiya, nake zama sahun gaba a Islamiyya, malam yana karanta azabar mai ci da mai bayarwa ina gyaɗa kai ina wa'iyazubillahi tare da kowa. Ta yaya zan buɗe baki in ce gidan da nake kwana a ciki a kan ruwa yake? Na gwammace kowa ya ɗauka da gumina na saya. Haka kuwa kuka ɗauka, har kai. Zunubin na kai shi gaban Allah, ina roƙo, shi mai gafara ne. Amma ɓoyon bai rage mini zunubi ba, tara kawai ya ƙara mini. An ce bashi hanji ne yana cikin kowa. Ni nawa na bari ya ruɓe a ciki.

Saboda haka ka ɗaga waya duk sanda suka kira, ko kana cin abinci. Ka ba su lambar da za su same ka. Ka ce wa Zulai ta fito da takardun nan duka, ku baje a tabarma ku buɗe tare, ka karanta mata ta ji. Kar ka yi mata abin da na yi muku, wai kana tausayinta. Kuma ka je wurin malamin da ka yarda da shi, ka faɗa masa komai, ka tambayi yadda ake fita daga abin nan da sauran mutunci a wurin Allah.

Da abin ya matso, mutum ɗaya na faɗa wa, baffanku Alhaji Sule, don shi ne tun farko bai so a sayar ba. Na ce ya je ya ba su baki, dattijo ne, ba wanda zai ga gemun nan ya ƙi jin nauyi. Ya sa babbar riga ya tafi. Suka ba shi kujera mai laushi, suka kawo masa shayi, manaja ya rako shi har mota. Ya kira ni ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Yaran kirki ne, wallahi har da biskit. Sun ce za su duba." Ranar har sadaka na yi. Na saki jiki wata da watanni. Ashe za mu duba ɗin rakiya ce kawai, irin wadda muke yi wa baƙo a bakin zaure. Ba wanda ya rubuta komai. Ɗan lokacin da ya rage a yi wani abu, a kan shayin baffanku ya ƙare.

Duk abin da suka ce maka, ko sassauci ne ko ƙarin lokaci, ka ce a rubuta, a sa hannu, a buga hatimi, a ba ka naka. Ka tambayi sunan wanda ka yi magana da shi. Maganar da ba a rubuta ba, a wurinsu ba a yi ta ba. Kar ka tura kowa, ka je da kanka. Sannan dillalai za su zo, sun riga sun ji wari. Wani zai ce shi zai biya banki ya riƙe takardun, ya ba ku lokaci, don zumunci. Rami ne a cikin rami. Ka ba shi ruwa ya sha, ka raka shi.

Mariama, miƙo mini ruwan nan. Yawwa. Yanzu rubuta a hankali, wannan ne dalilin takardar.

Shekaranjiya bayan azahar ka ɗauka barci nake. Bangon gidajen nan kwali ne. Na ji kana waya da abokin aikinka. Ka ce kuɗin da mutanen Kano da na Maraɗi suka turo a saya musu kaya a loda, in ka sauka za ka juya su tukuna ka toshe bakin banki, kafin su farga ka mayar. Ban ji abin da ya ce ba, amma na ji amsarka. Ka ce, "Ba ni da yadda zan yi. Hajiya ta yi baki a kan gidan nan."

Mariama ta ajiye biro tana duba na. Ta ce, "Hajiya, in rubuta hal wanga?" E, rubuta. Na san har da naki a ciki, kuɗin atamfofin da kika ba shi makon jiya. Ka ji, Yayan Zulai, da gangan na zaɓe ta. Akwai masu rubutu da yawa a benen nan. Na so ka san akwai ido ɗaya da ya sani, kuma mai haƙƙi ne. Ta ce ba ka taɓa ba tukuna, don haka ba ta ji komai ba, ba kuma za ta faɗa wa kowa ba. Allah ya saka mata. Ka riƙe mata wannan.

Bakin kuwa na yi shi. Ranar da 'yan'uwan mahaifinka suka karɓi rabonsu suka fita, na tara ku a tsakar gida, kai da Zulai, kana saurayi gemu bai fito ba. Na dafa ƙirjina na ce duk wanda ya sayar da gidan nan a cikinku, ko ina raye ko na mutu, ban yafe masa nonon da ya sha ba. Zafinsu nake ji, amma a kanku na sauke. Na ga yadda ka sunkuyar da kai. A ranar daɗi na ji, na ce na ɗaure gida. Ashe kai na ɗaure. Na yi baki a kan gidan da ko tubalinsa ban biya ba. Duk kurakuran da na lissafa maka, wannan ya fi su nauyi, don su a kaina suka faɗo, wannan a kanka.

Kuɗin nan amana ne. A ciki akwai na wadda ta sayar da 'yan kunnenta, akwai na wanda ya kwashi adashi ya turo. Kai abin da ka mallaka a garin nan ba shago ba ne, ba sito ba ne, suna ne. Mutum yana Kano ya turo maka dukiyarsa bai taɓa ganin fuskarka ba. Ranar da aka ce ɗan Hajiya Tasalla ya taɓa kuɗin mutane, kafin la'asar an ji daga Xiaobei har Kwari, kuma ba sabulun da zai wanke. Kana cewa za ka mayar kafin su farga. Haka ni ma na ce. Taka kwantenar ita ma za ta makara. Na san hanyar nan, da ƙafata na bi ta, ga inda ta ajiye ni.

Ga abin da za ka yi. Ka je ka faɗa musu kai tsaye, irin na loban ɗina: babu. Uwar kuɗin ba mu da ita. In sun kawo wata hanya da za ka iya ɗauka da guminka, ba da na mutane ba, ka auna ta da kyau, ka kwana a kai. In ta fi ƙarfinka kar ka ɗauka don ni. Ka roƙi lokaci a rubuce mu sayar da hannunmu, don in su suka yi gwanjonsa karyar da shi za su yi, kuɗinsu kawai suke nema, ba ruwansu da abin da zai saura. Ka sayar da daraja, ka biya su har kwabo, ka karɓi takardar cewa an rabu. Abin da ya rage ka nema wa Zulai da yaranta ko ɗaki biyu ne a bayan gari, da sunanta, ba bashin kowa a kai. Ni kar ka lissafa da ni, tabarma ɗaya ta ishe ni.

Zulai za ta yi kuka. Ka bar ta ta yi, kar ka hana ta. Mutanen unguwa za su yi magana, za su ce ɗa ya je Sin ya dawo ya sayar da gidan ubansa. Ka ce ni na ci bashin, na ruwa ne, ni na ce a sayar. A faɗi sunana, na gaji da ɓuya. Dalbejiyar tsakar gida da mahaifinka ya dasa, ka roƙi mai saye ya bar ta. In ya ƙi, kar ka ja da shi. In kuma Allah ya haɗa ka da Bashir a wani wuri, ka ce tsohuwar nan tana gaishe shi, ta ce yanzu ta gane.

Saura abu ɗaya. Abin da aka ɗaure da baki, da baki ake kwance shi, kuma ba a kwance wa "wannan" ko "yayan wance", kar wata rana zuciyarka ta ce ba da kai nake ba. Mariama, ke shaida ce, Allah shaida ne. Rubuta yadda zan faɗa, kar ki rage.

Nasiru. Nasiru ɗana. Na janye bakina. Ka sayar da gidan Kurna. Nonon da ka sha na yafe maka, duniya da lahira, kai da ƙanwarka. Ni ma ka yafe mini.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya. Allah ya sa ka shiga wurin nan da gaskiya ka fito da mutuncinka. Allah ya tsare hannunka daga abin da ba naka ba, ya rufa maka asiri fiye da yadda na rufa wa kaina. Ka gaida Zulai da yara, ka gaida baffanku. In ka samu dama ka je kabarin mahaifinka, ka yi masa addu'a, ka

Ni Mariama ce, nan Hajiya ta tsaya. Ta ce, "Mariama, na gaji." Ta juya ta fuskanci bangon ɗakinka. Na jira da biro a hannu, ba ta ƙara komai ba.